Sunan da Zinariya Ba Ta Faɗa

Duk Mawashi, in ana zancen kunya, da Zinariya mai ƙuli ake buga misali. Ba wai don ba ta da baki ba. Ki taɓa mata tunkuza da hannun da ba ki wanke ba, ki ji yadda ake zazzaga masifa. Amma a kan miji da ɗiyar fari, matar nan ta riƙe al'ada gam. Shekara talatin da biyar tana ɗakin Malam Mamuda, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Mai gidan nan" ne, in ya ɓata mata rai kuma ya koma "mutumin nan". Ɗiyarta ta fari kuwa, Haulatu, ko mai irin sunanta ba ta kira. Akwai wata Haulatu da ke zuwa sayen man gyaɗa daga Kusada, tun tana budurwa har ta aurar da ɗiya, Mai-galan Zinariya ke ce mata.

Ranar da aka yaye yarinyar, Gwaggo Salma, yayar Malam Mamuda, ta goya ta zuwa Kankiya, kamar yadda ake yi. Zinariya ba ta ko leƙo ba, tana bayan ɗaki tana ɓarar gyaɗa, tsofaffi suna ta sa mata albarka. Bayan nan ta haifi Dauda da wasu biyar, su kam tun asuba take rafka musu kira har maƙwabta su gaji. Ta farin ce kawai ba ta da suna. In ta kama dole a ambace ta, sai ta ce "ta Kankiya".

Kada a ce ba so. Duk ranar matsar mai, kwalbar farko Kankiya take tafiya, a ce na Gwaggo ne. Gwaggo mai hawan jini, wadda aka hana cin mai, me za ta yi da kwalba guda duk mako? Kowa ya san na wace ce, ba dai mai faɗa.

Haulatu ta tashi a Kankiya, ta yi boko, ta zama malamar firamare, ta yi aure a can. Ita da wasu mata suka kafa ƙungiyar karanta littattafai. Da farko junansu suke ara wa, su haɗu ranar Asabar su tattauna. Daga baya suka sayi akwatin ƙarfe suka cika shi da littattafai, suna ɗora shi a babur zuwa ƙauyuka, suna koya wa matan aure karatu, suna faɗa musu cewa a wajen neman ilimi ɗiya mace da ɗa namiji duk ɗaya ne. Da akwatin ya iso Mawashi, Zinariya ta taɓe baki. Ta ce ita Fatiharta da ƙananan surorinta sun ishe ta, boko da furfura sai marar aikin yi.

Zuliha ce ta ja mata. Zuliha taubashiyarta ce, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kuma tana cikin rukunin farko da suka shiga ajin. A wani gidan suna, wayar Zinariya ta yi ƙara, tana ta jujjuya ta tana neman wanda zai duba mata mai kira. Zuliha ta fizge, ta karanta sunan da ƙarfi, sannan ta ce, "Ke kam ko a goshin jaki aka rubuta sunanki, sannu da aiki za ki ce mashi ki wuce."

Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Zinariya ta dara ita ma, amma abin ya ci ta. Ranar Talata sai ga ta a ajin Islamiyyar unguwa, inda ake karatun bayan La'asar, da sabon littafin rubutu a ƙarƙashin hijabi kamar kayan sata.

Wata biyu abin yana tafiya lafiya. Malama Ulfa ke koyar da su, mace mai haƙuri, Zinariya har ta fara gane baƙi da wasali. Sai Malama Ulfa ta haihu, aka ce ƙungiya za ta turo wata. Ranar Talata suna zaune aka yi sallama, wadda ta shigo da alli a hannu Haulatu ce.

Mata suka dubi juna, don duk wadda ke wurin ta san wace ce ta haifi wace. Zinariya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. In ta tashi ta fita, Zuliha ta samu abin yi mata waƙa har kabari. In ta zauna, ɗiyar fari ta tsaya a kanta tana ce mata "maimaita". Ta ja tabarmarta can baya, kusa da randa, ta juya gefe, ta zauna tana kallon bango.

Haka suka yi wata bakwai. Haulatu ba ta taɓa nuna ta ba. In za ta gyara mata kuskure sai ta ce, "Na baya, a lura, ƙ mai lanƙwasa daban take da k." In an tara littattafan rubutu, na Zinariya ta hannun Zuliha yake zuwa, ta hannunta yake komowa. Ita kuma ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ko da ta san amsa. Amma kunnenta yana wurin. Tana jin yadda yarinyar ke bayani dalla-dalla, ba tsawa ba gajiya, sai zuciyarta ta cika fal, ta ƙara tsuke fuska don kada a gani. A gida kuma, tsakanin kaskon tuya da turmi, tana bin duk rubutun da ta samu, na buhun taki, na gwangwanin tumatir, har ta iya haɗa kalma, a hankali dai, gaɓa-gaɓa.

Bayan an kai amfanin gona gida aka sa ranar yaye ɗalibai. Shugabar ƙungiya, Hajiya Ruqayya, ta zo daga Kankiya da kanta. An shimfiɗa tabarmi a farfajiyar Islamiyya, mata sun cika, har tsofaffin da ba sa karatu sun zo kallo. Sharaɗin shi ne kowace ɗaliba ta tashi ta karanta shafi ɗaya a bainar jama'a kafin a ba ta takardar shaida. Littafin da za a karanta wani ɗan ƙarami ne mai koren bango, wanda matan ƙungiyar suka rubuta da kansu shekarun baya, kowace ta ba da labarin wani abu da ya same ta tana yarinya. Ɗaliban ba su taɓa ganinsa ba.

Hajiya Ruqayya ba ta san komai ba. Ta yaya za ta sani, tunda daga uwar har ɗiyar ba wadda ta taɓa nunawa? Da aka kira Zinariya, Hajiya ta buɗe littafin, ta yi murmushi, ta dubi Haulatu, ta zaɓi wani shafi da gangan don ta karrama malamar ajin. Haulatu ta hango shafin, ta miƙe zumbur.

"Hajiya, a canza mata wani."

"Zauna, Malama, ban da kawaici," in ji Hajiya. "Baba, bismilla."

Zinariya ta karɓa da hannu biyu, ta sa yatsa a ƙarƙashin layin farko. Mai sabon karatu ba ya hango abin da ke gaba, sai ya faɗi kalma sannan ya ji ta. Haka ta fara.

"Ina da she-ka-ra ta-ra na zo na ɗa-ya a a-jin-mu. Gwag-go-na ta kai ni ga-rin-mu in nu-na ta-kar-da."

Mata suka ce madalla. Zinariya ta ji ƙarfi, ta ci gaba. Yarinyar da ke cikin labarin ta shiga gida da gudu. Ta sami mahaifiyarta a bakin murhu tana tuyar ƙuli. Zinariya ta ɗan yi murmushi a nan, ashe har masu sana'arta ana sa su a littafi. Yarinyar ta miƙa takarda. Mahaifiyar ba ta dube ta ba. Ta ce da ƙanen yarinyar:

"Ce wa ba-ƙu-wa ta ma-tsa, ka-da mai ya fal-la-tsar ma-ta."

Yatsan Zinariya ya tsaya. Wannan maganar ta san ta. Bakinta ne ya faɗe ta, shekara ashirin da biyar da suka wuce, ga shi ya sake faɗa a gaban duk matan Mawashi.

Hajiya Ruqayya ta zaci kalma ce ta yi mata wuya, ta ce, "Kin yi daidai, Baba, ci gaba."

Da ta ajiye littafin ta ce idonta ne ke ciwo, da ba wanda zai ga laifinta. Amma tana so ta san abin da ke gaba, kuma ba ta iya karatu a zuci ba tukuna, in ba ta furta ba ba ta ganewa. Sai ta ci gaba, kowace kalma tana fita da ƙyar. Ranar an yanka zabuwa a gidan. Yarinyar ta tambayi dalili, aka ce don ƙanenta ne, ya zo na goma sha bakwai. Yarinyar ta naɗe takardarta ta sa a aljihu. Ta ce a ranta, laifinta ne da ta zo mace.

Wayyo, Zinariya. Ita ta san yadda aka yi ranar. Uwar mijinta na zaune a ƙofar ɗaki ta zuba mata ido. Don murna har ta ƙona kasko guda na ƙuli. Zabuwar tata ce, guda ɗaya tilo, ita ta kama ta da kanta ta aika a yanka tun da ta ji an ce ta Kankiya ta zo na ɗaya. Amma wa zai ce ya yanka wa ɗiyar fari zabuwa? Sai ta ce ta Dauda ce, tana ganin ai kowa zai gane. Manya sun gane. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa yarinya mai shekara tara ba za ta gane ba.

Wata irin kunya ta rufe ta, ba irin wadda ake yabonta da ita ba. Waccan ado ce, ana ɗaura ta a fita. Wannan kuwa ta wanda ya cuci wani ce, ya yi shekaru yana karɓar yabo a kai. Gumi ya jiƙa mata hijabi. Ba ta iya ɗaga kai ba, amma ta gefen ido tana ganin ƙafafun Haulatu a bakin tabarma, yatsun sun dunƙule.

Saura layi biyu. Ta karanta su.

"Da na gir-ma a-ka ce ma-ni kun-ya ce, ba ƙi ba. Na yar-da. Am-ma har yau ban san yad-da su-na-na ya-ke a ba-kin-ta ba."

Zuliha, mai bakin nan, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

"Saura na ƙasa, Baba," in ji Hajiya Ruqayya. "Sunan wadda ta rubuta. Shi ke nan kin gama."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Hajiya, wannan kam a bar mata shi." Zuliha ta miƙo hannu za ta karɓi littafin ta karanta a madadinta. Sai a lokacin Hajiya ta dubi Zinariya, ta dubi Haulatu, ta ga hanci iri ɗaya da goshi iri ɗaya, ta dafe baki.

Zinariya ba ta saki littafin ba. Ta dubi kalmar. Ba ta taɓa ganinta a rubuce ba, amma baƙaƙen duk ta san su, mai sunan ce ta koya mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta san gobe za a yi da ita a bakin rijiya, a ce Zinariya ma ta zubar da kunya da tsufanta. Ta sa yatsa a ƙarƙashin harafin farko.

"Hau," ta ce, ta matsar da yatsa gaba. "Hau-la-tu."

"Na'am," in ji Haulatu.

Ba da niyya ta amsa ba, fita kawai ya yi, da ƙaramar murya. Ita kanta sai da ta firgita, ta sunkuyar da kai.

Zinariya ta rufe littafin. Ba ta dube ta ba, wannan kam ya fi ƙarfinta. Koren bangon ta kalla, ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Zabuwar nan don ke aka yanka ta."