Farfesa Sa-Ni-Ciki

Shekara goma sha biyu ofishina yana manne da nasa, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka in na ce na san mutumin nan, ba labari aka ba ni ba. A takarda shi ne shugaban sashenmu na nazarin ruwa da ƙasa. A bayan idonsa kuwa, daga masinja har mataimakinsa, Sa-Ni-Ciki muke ce masa. Ka rubuta maƙala ka kai masa don ladabi, zai juya shafi biyu, ya sauke tabarau, ya ce, "Aiki ya yi kyau, ɗana. Sa ni ciki." Kuma in ka sa shi, a sama za ka sa shi.

Waɗanda suka san shi da ƙuruciya sun ce ba haka ya faro ba. Ɗan mai gyaran agogo ne, ya yi karatu da wahala, ya gama digirinsa na uku shekara ashirin da shida da suka wuce. Daga ranar da aka miƙa masa takardar nan ƙafarsa ba ta sake taka laka ba. Akwai dogayen takalman roba a bayan ƙofarsa, har yau da alamar farashi a jiki, in baƙi za su zo sai ya sa a matso da su inda ido zai gani. Tarihin aikinsa shafi arba'in ne, maƙala ɗari da tara, kuma na rantse ba zai iya gaya maka abin da ke cikin goma ba. Uku daga ciki nawa ne. Tsoro ne ya sa na sa shi, kamar kowa. Uwargidansa ma ta taɓa faɗa a gabanmu tana dariya, wai da 'yarsu ta rubuta kundin kammala karatun jinya sai da ya tambaya ko akwai wurin sunan uba.

Akwai wata ƙaramar malama a sashen, Mai Rijiya muke kiran ta. Shekara huɗu ta yi tana bin rijiyoyin wasu ƙauyuka inda haƙoran yara ke rinewa, ƙafafunsu na lanƙwashewa. Kwalba ɗari uku da sittin ta tara a firizar ɗakin gwaje-gwaje, kowace da lambarta da ranarta. In wuta ta ɗauke ita ke bin mai janareta da magiya. Na'urar da za ta auna abin da ke cikin ruwan babu ita a jami'armu, kuma ruwan ba zai jira har abada ba. Sai ta ci karo da sanarwar wata gidauniya: tallafi ne ga masu binciken da ba su wuce shekara biyar da gama digiri na uku ba. Ita tana cikin ta biyar. In ta kuskure bana, shi ke nan.

Wata biyu tana rubutu. Ta ba ni na karanta, na ji kishi, don ban taɓa rubuta irinsa ba. Saura abu ɗaya: a ƙa'idarmu takarda ba ta fita sai shugaban sashe ya buga hatimi, kuma ofishinsa ne ke tura ta. Ina zaune a wurinsa ranar da ta kawo.

"Baba Farfesa, ga takardar. Ranar Alhamis ake rufewa," in ji ta.

Ya juya shafi biyu, ya sauke tabarau. "Madalla, 'yata. Ina sunana?"

"Na sa ka cikin masu ba da shawara, ranka ya daɗe. Shafi na uku."

"Na uku?"

"Ai tallafin na ƙananan malamai ne, Baba. Ga sanarwar, na ja layi a ƙarƙashin wurin."

Ya ture sanarwar da bayan hannu, ko kallo ba ta ishe shi ba. "Ni za ki koya wa neman tallafi? Tun kina goye nake zuwa bita a kan wannan. Mutanen nan suna suke dubawa. Ajiye ki tafi, zan gyara miki."

Gyaran shi ne, ya sa sakatariya ta ɗora sunansa a gurbin jagoran bincike, ta sauko da na mai aikin zuwa mataimakiya, ta liƙa shafukan nan arba'in a baya. Ranar Laraba sakatariya ta leƙo ofishina ta raɗa mini. Taku goma ne tsakanina da ɗakin gwaje-gwaje inda Mai Rijiya take, amma na ce ba ruwana, ina jiran ƙarin girma kuma shi zai sa hannu. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Amsa ta zo bayan mako uku, layi biyu kacal. Ba su ma karanta takardar ba, domin jagoran binciken ya haura iyakar da shekara ashirin da ɗaya. Tunda shi ne jagora, shi aka aiko wa, ya danne ta mako guda. Da Mai Rijiya ta matsa da tambaya sai ya juya mata kwamfutar yana huci.

"Kin ga marasa kunya? Ba su san darajar manya ba. Da can ma na san da wata a ƙasa."

Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Baba, ai na ja layi."

"Layi kuma? Ke dai yarinya ce, ba ki san duniya ba."

Ta rubuta wa gidauniyar tana bayani, suka ce an rufe. Ta nemi tallafi a wasu wuraren, ruwa a jallo, wata takwas, babu wanda ya dace. Shi ko a jikinsa. Da aka sake buga tarihin aikinsa sai ya zama shafi arba'in da ɗaya, a na ƙarshen an rubuta: jagoran binciken rijiyoyi, an nemi tallafi.

Wata safiya na wuce ta ɗakin gwaje-gwaje na tarar ta cire firizar daga wuta. Ruwan ya wuce lokacinsa, ko an samu na'urar yanzu ba wanda zai yarda da sakamakon. Tana tsaye gaban famfo, ta ɗauki kwalba, ta karanta lambar, ta ɓare takardar, ta tsiyaye. Sai na kama tara mata murafai. Muna cikin haka sai ga shi, hannu a baya. Ya leƙa firizar, ya ce in ta gama a kai masa ita ofis, ruwan shansa ba ya sanyi. Har ya kai bakin ƙofa ya waiwayo.

"Kada ki karaya, 'yata. In kin ga wata sanarwar ki rubuta. Sa ni ciki."

Ba ta ɗago ba. Kwalba ta ɗari biyu da tara ce a hannunta, ta ƙauyen da ta ce yaransa sun fi jin jiki, kuma har yau rijiyar suke sha. Ta tsiyaye ta ita ma.