Hannu Uku a Bangon Maji Santok

Duk garin Gondal, in ka ce Damji mai farar ƙasa, ba sai ka ƙara kwatance ba. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi har ya sha yi min fitsari a baya, yau ga shi manyan mutane na tsayawa a ƙofarsa suna jiran ya gama shan shayi! Ɗan siriri ne, farar ƙasa ta cinye masa farce, gashin girarsa kuwa ba wanda ya san asalin launinsa.

Sana'ar babanmu Lalji ce ya gada, shafa wa gidaje farar ƙasa. Baba kan ce ɗaki tukunya ne, abin da ka shafa a cikinta shi za ka ji a miya. Damji ya riƙe wannan magana gam. Ɗakin kwana, sai ya ɗiga bula kaɗan a farar ƙasa, ta yi shuɗi-shuɗi, zuciya ta kwanta. Madafa, ruwan ƙwai. Ja kuwa sai lungun ibada kaɗai. Jeram tela ya taɓa yi wa ɗakinsa jan fenti, wata uku shi da matarsa kullum sai an raba, har Damji ya je ya mayar musu fari. Yanzu 'ya'yansu biyar.

Amma babbar dokar sana'ar ita ce ta hannuwa. Ranar da 'ya za ta bar gidan ubanta zuwa gidan miji, takan tsoma tafukanta a kwaɓaɓɓen kurkum ta manna a bango. Muddin tana raye, burushi ba ya hawa wurin, zagayewa ake yi. Damji ya san hannuwan rabin matan garin nan, har yakan gaishe su in ya zo wucewa da burushi.

To, saura kwana goma Diwali, bikinmu na fitilu, lokacin da kowa ke son gidansa ya yi fari tas, yana saman tsani sai ga Hasmukh mai shagon yadi a kan babur.

"Damji-bhai, sauko."

"In sauko wa zai hau? Kai? Da wannan tumbin ai tsanin ma sai ya kai ƙara."

Hasmukh bai yi dariya ba. Ya ce, "Maji ce. Yau kwana tara ba ta sa komai a baki ba sai ruwa."

Maji Santok ita ce uwar Hasmukh. Ta tafi ziyarar ibada Dwarka mako biyu, kafin ta dawo matar Hasmukh, Kokila, ta ɗauko masu fenti daga Rajkot. Suka bi babban ɗaki da fentin mai, launin toka mai duhu, irin na gidajen cikin talabijin. Suka shafe har da hannuwan Rasila, ƙanwar Hasmukh, wadda ke aure a Kanada da tsohon ciki, ko jirgi an hana ta shiga. Tsohuwa ta dawo, ta dubi bango, ta ajiye jakarta, ta zauna. Ba ta ƙara tashi ba.

Damji ya wanke hannu ya hau bayan babur.

Rana tsaka suka shiga, amma ɗakin kamar an yi magariba. Taga a buɗe, haske na shigowa, bango na haɗiye shi. Ko tsaka ɗaya babu a jikin bangon, duk sun yi ƙaura. Hasmukh ya ce tun da aka yi fentin nan ba a yi hira a ɗakin ba, wanda ya shigo sai ya rage murya da kansa, dare ɗaya kuma ba su kwana ba su yi faɗa da Kokila ba. Ga kwanon kicidi, faten shinkafa da wake, can a gefe, ya bushe, ƙuda na bi. Maji na zaune a ƙasa cikin farin zane, ta ba ƙofa baya, tana shafa bango da tafin hannu, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ɗan Lalji ne? Na ji warin farar ƙasa. Ka makara, ɗana. Sun binne ta."

"Haba Maji, Rasila-ben tana nan garau. Ko jiya an ce ta bugo waya."

"Waya!" Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Ga muryar mijina can a kaset, shekara goma sha ɗaya da ƙona gawarsa, har yau yana tari a ciki. Murya ba shaida ba ce. Hannunta nake so."

Damji ya dubi wuyan hannunta, ya ga awarwaro ya zame har gwiwar hannu. Ya san tsohuwar nan ba za ta ga fitilun Diwali ba in ba a yi wani abu ba.

Kwana biyu yana kankare fentin da 'yar wuƙarsa, sannu sannu, kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Sai ya iso daidai wurin hannuwan. Fentin ya taho da fatar bangon gaba ɗaya. Ba yatsa, ba tafi, ba ko ɗigon rawaya. Hasmukh ya dafe kai. Kokila kuwa, da ke tsaye a bakin ƙofa, sai Damji ya ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ya yi mamaki, amma ya bar shi a cikinsa.

Dabara ɗaya ta rage masa. Kowace mace ta san in kurkum ya gamu da ɗanyar farar ƙasa ja yake komawa, da haka ma ake haɗa jan da muke ɗigawa a goshi. Tsohuwar farar ƙasa ba ta cizo, sabuwa mai zafi ita ke cizo. In kurkum ɗin ya shige cikin bango, za ta jawo shi waje. Amma in ya fito a dame, kamar an watsa jini fa? Ai a nan take tsohuwa za ta cika.

"Maji, ki ɗan koma tsakar gida, abin nan yana da yaji a ido."

"Ubanka ma bai tashe ni ba, balle kai da na gani ba wando. Yi aikinka."

Ya jiƙa farar ƙasa a bokiti, ta tafasa, ta yi huci, ta lafa. Bai sa bula ba. Ya tsoma burushi ya ja daga sama zuwa ƙasa, sau uku, ya ja da baya.

Fanka na juyawa. Bango ya jiƙe ya yi duhu, sannan ya fara washewa, fari na fitowa daga gefe-gefe. Can sai wasu ɗigo biyar suka bayyana, fari-fari ja-ja, kamar wani ya dafa bangon daga ciki. Sai wasu biyar a kusa da su. Yatsu suka miƙo, tafi ya cika, jan na ƙara nuna yana nuna, har zanen tafin ana gani. Hannu biyu, kamar yanzu aka ɗaga su.

Hasmukh ya haɗa tafukansa yana kiran sunan Ubangiji. Damji zai ajiye burushi ke nan, sai idonsa ya sauka ƙasa.

Daidai cinyarsa, inda farar ƙasa ta gangara, wani abu na fitowa. Hannu ne, guda ɗaya, na hagu, ɗan ƙarami. Yatsun a ware, ƙarshensu ya ja zuwa gefe, kamar an fizge mai shi yana cikin dafawa. Damji ya shafe ɗakin nan sau shida tun bikin Rasila, bai taɓa ganin sa ba.

Faranti ya suɓuce daga hannun Kokila, kofunan shayi suka tarwatse.

Maji ta ja jiki ta matsa. Ta ɗora tafinta kusa da manyan hannuwan, ta sunkuya ta daɗe tana kallon ƙaramin. Sai fuskarta ta buɗe.

"Kun gani? Ga ta, ta zo har da ɗan cikinta! Su biyun duk suna nan!" Ta juyo, karo na farko. "Ke Kokila, me kike tsaye kamar an dasa ki? Kicidi! Da man shanu, kada ki yi min rowar nan taki!"

Damji ya fita tsakar gida wanke burushi. Ya tarar da Kokila durƙushe a gindin famfo, ruwa na zuba a kan hannuwanta, ba ta wanke komai.

"Kokila-ben, hannun wa ne?"

Ta ce, "Mithi."

Ya tuna. 'Yarsu ta fari ita da Hasmukh, mai shekara huɗu, wadda zazzaɓi ya ɗauke a damunar shekarar bikin.

"Ta ga gwaggonta ta yi, ana can ana koke-koken rakiya, ita ma ta tsoma hannu ta manna. Ni kaɗai na gani. Na fizge ta, na mare ta, na ce wannan na masu barin gida ne. Na goge da toka da sabulu kafin kowa ya dawo." Ta share hanci da bakin zane. "Bayan wata uku ta bar gidan. Duk damuna in bango ya yi sanyi sai in ga kamar inuwarsa. Ni na ce wa mutanen Rajkot su rufe duka, da mai duhu. Ko babanta bai sani ba."

Ya ce, "Ina iya rufe shi. In kankare wurin har bulo, in yi sabon yaɓe, ba zai ƙara fitowa ba. Amma Maji..."

"Na sani."

Daga cikin ɗaki suka jiyo ƙarar cokali a kwano, ƙwas, ƙwas, da muryar tsohuwa tana yi wa Hasmukh tsiya wai gishiri bai ji ba. Kokila ta saurara. Ta kashe famfo.

"Bar shi," ta ce.

Haka aka yi. Ya shafe ɗakin fari da ɗigon bula, ya zagaye hannu uku. Kafin Diwali tsaka sun dawo bango, Maji da kanta ta jera fitilu a bakin ƙofa tana faɗa da kowa. Rasila ta sauka lafiya, namiji, ta kawo shi ya shekara, tsohuwa ta kama hannunsa ta gwada da na bango ta ce ai ga shi nan, sak! Ba wanda ya ce mata na bangon ya fi girma. Shekara biyar ke nan, tana nan da ranta, haƙori uku, tana cin abin da ta ga dama. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce ɗan Lalji ne ya tono mata 'yarta daga bango. Ɗan Lalji, ƙanena! Daga Jetpur ma yanzu zuwa ake ana ɗaukarsa a mota.

Gidan Hasmukh dai shi yake fara yi kowace shekara, kuma Kokila ce ke riƙe masa bokiti, ba ta yarda wani ya riƙe. Bana, yana zagaye ƙaramin hannun da bakin burushi, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Damji-bhai, ba ka ga kamar ya ɗan yi sama ba?"

Ya ce, "Ni mai farar ƙasa ne, Kokila-ben, awo sai Jeram tela."

Ta yi murmushi, shi ma ya yi. Amma da ya zo wurina cin abinci ran nan, ya daɗe yana juya loma bai kai baki ba. Ya ce da can sai ya durƙusa yake zagaye hannun nan. Bana sunkuyawa kawai ya yi.