Maijidda mai man gyaɗa da saƙon salula

A Sabon Gari ta Maraɗi, duk mai son mai tatacce gidan Maijidda yake nufa. A hannun uwarta ta koyi suyar gyaɗa da matsar ƙuli, da wannan sana'a kuma ta riƙe ƴaƴanta bayan rasuwar mijinta.

Wata kaka, saƙon murya ya shigo mata a salula. Wani mutum ne yana rantsuwa cewa gyaɗa ta lalace a gonaki, nan da ƴan kwanaki ko tiya guda za ta yi wuyar samu. Maƙwabta ma duk sun ji shi. Maijidda ta ruga kasuwa ta saye buhu-buhu da tsada, ta cika ɗaki. Ba a jima ba sabuwar gyaɗa ta malalo daga ƙauyuka, farashi ya faɗi warwas. Ashe saƙon tsoho ne, na wata shekara, a wata ƙasa ma aka yi shi.

Ta sha wuya a shekarar, har ta rame. Wata rana Dinatu, ƴar Tsibiri da ke sarin ƙuli a wajenta, ta tarar da ita zugum.

"Yaya, da kin tambaye ni ai," in ji Dinatu. "Gonarmu ta yi kyau bana, haka ta maƙwabtanmu."

"Wallahi ban yi tunani ba. Muryar mutumin nan kamar ta mai gaskiya."

Tun daga nan Maijidda ta canza. In labari ya zo, sai ta ce, "Wa ya gani da idonshi? Yaushe?" Ta kira Dinatu ta ji na Tsibiri, ta tambayi Idirisa direba da ke bin hanyar Jiratawa. In bakinsu ya saɓa, ta hau kabu-kabu ta je ta duba da kanta, ta ɓare kwanso ta ga ƙwayar.

Bara aka sake yaɗa cewa gyaɗa za ta yi araha, kowa ya jira. Ita kuwa ta riga ta ga yadda ruwa ya ɗauke da wuri. Ta saya daidai ƙarfinta, ta gaya wa matan layinsu. Wasu suka bi ta, wasu suka yi dariya. Ba a daɗe ba gyaɗa ta yi tsada, ita kuwa ta ci riba.

Bana ta kafa injin niƙa a zaure. Babbar ƴarta Atika ce ke kula da shi in ta taso daga lakwal, wato makaranta.