Injin Mashin ɗin Baffa

Ni mutum ne mai gaggawa, kuma a gidanmu kowa ya san haka. In na ga abu ya lalace, ba na iya zama ina kallonsa. Da can ina ɗaukar wannan hali abin yabo ne. Tun daminar bara na fara shakka.

Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya yi shekaru yana dillancin shanu a kara kafin ƙafafunsa su gaji ya koma noma. Gonarsa tana wajen Danchuwa, kuma abin da ke kai shi can wani tsohon mashin ne ɗan Japan, wanda ya girmi ƙannena duka. Fentinsa ya koɗe, kujerarsa an ɗinke ta da fatar akuya. Shekarun da aka hana hawa mashin a garin nan, a zaure ya yi su lulluɓe da tabarma, Baffa yana goge shi duk Juma'a. Da aka ɗage dokar, ranar farko ya fito da shi.

Mutum ɗaya ne yake taɓa wannan mashin tun da aka sayo shi, wani tsohon bakanike Babarbare mai rumfa a bakin hanyar kasuwa. Mu yara Baba muke ce masa. Shi da Baffa ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Wasan Fulani da Barebari ne tsakaninsu, kuma sun riƙe shi da gaske. Baffa zai tsaya a bakin rumfa ya ce, "Ina bawana? Zo ka duba dokin ubangijinka." Shi kuma ko ɗagowa ba zai yi ba, sai ya ce, "Fulata, wa ya sako ka daga daji? Kai da ka saba bin saniya, me ka sani a ƙarfe?" Daga nan Baffa ya zauna a benci, a aika a sayo goro. Gyaran fulogi kaɗai sai ya cinye musu wuni guda.

Ruwa ya zauna, ana tsakiyar noman farko, injin ya buga a hanyar dawowa daga gona. A bayan motar ɗaukar kaya aka kawo shi. Baba ya kwance injin, ya baje kayan cikinsa a wani yankakken jarka, ya daɗe yana jujjuya su. Ya ce karanshaf ne ya tafi, wato ƙarfen da ke juya komai a ciki, kuma irin na wannan mashin an daina kawo shi, amma zai nemo. Rumfarsa tana yoyo kuma ba ta da ƙofa, saboda haka ya riƙe injin, gangar jikin mashin ɗin aka maido ta zaurenmu.

Sati ya wuce, wani ya biyo. Baffa yana fita da sassafe ya tsaya a titi yana jiran motar da za ta rage masa hanya, sauran ya taka da ƙafa. Ya dawo da yamma gwiwoyinsa a kumbure, a dafa masa ruwan zafi. Ni kuwa kullum na wuce ta zaure na ga mashin da rami a cikinsa, sai raina ya ɓaci. Na ce wa Baffa tsohon nan idonsa ya yi rauni, hannunsa yana rawa, kuma yanzu ba wanda yake wahalar gyaran inji, sabo ake ɗorawa. Ya ce, "Ya ce zai nemo. Ka bar shi." Amma ban bari ba.

Da Baffa ya tafi ƙauye ta'aziyya zai kwana biyu, na sa aka ɗauki gangar jikin zuwa wajen wasu samari da ke bayan tasha. Suka kawo sabon inji ɗan China a kwali, yana ƙyalli. Da suka gwada, ramukan kusoshinsa ba su zo daidai da na tsohon ba. Babbansu ya ce sai an yanke mazaunin injin an yi walda, kuma in an yanke, tsohon injin ba zai ƙara zama ba har abada. Ya tambaye ni ko a yanke. Ko tunani ban tsaya yi ba, na ce a yanke. Kafin magariba mashin ya tashi da bugu ɗaya, na hau shi har gida ina jin kaina ɗa na gari.

Baffa ya dawo ya same shi a zaure. Ya zaga shi, ya durƙusa da ƙyar ya shafa wurin waldar. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Sannan ya ce, "Ka gaya wa Babanka?" Na ce a'a. Washegari da ƙafa ya fita titi kamar kullum, ya bar sabon inji a zaure. A lokacin haushi na ji, ina cewa a raina tsofaffi ba a iya musu.

Ana nan, wata rana bayan la'asar, muna zaune da Baffa a zaure sai muka ji ƙarar baro da murya tun daga bakin layi. "Fulata, fito ka ga aikin maza!" Baba ne, yana turo baro da kansa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya lulluɓe kayan da buhu. Tun kafin ya ƙaraso yake ba da labari: ya je Azare bai samu ba, ya je Gombe bai samu ba, sai wani ya kwatanta masa gidan wani mai injin niƙa a wani ƙauye, inda irin mashin ɗin yake yashe a bayan rumbu. Ya yaye buhun. Ga tsohon injin Baffa nan a haɗe, an wanke shi da kananzir, kowace kusa a wurinta.

Ya turo baron cikin zaure, sai ya ga mashin. Ya tsaya. Ya dubi sabon injin, ya sunkuya ya dubi inda aka yanke. Ni ina zaune. Maganar tana kan harshena, kalma uku ce kawai, "ni na yi", amma na tsaya jiran wani ya riga ni.

Baffa ne ya riga ni. Bai dube ni ba, ya ce, "Ni na sa shi ya kai. Gona tana nema ta fi ƙarfina, na ga abin ya daɗe."

Baba ya goge hannunsa da gefen riga. Ya ce, "To, Alhaji. Ai ka yi daidai. Allah ya sa a mora." A rayuwata ban taɓa jin ya ce wa Baffa Alhaji ba. Aka kawo ruwa ya sha, ya tambayi mutanen gida da yadda shuka take. Baffa ya yi maganar wahalar da ya sha da kuɗin mota, Baba ya ɗaga hannu ya ce a bar wannan. Ya sauke injin a gefen bango a hankali, ya mayar da buhun ya rufe shi. Baffa ya ce mini, "Raka Babanka."

Na karɓi baron ina turawa, yana tafe a gefena. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Haka muka tafi har bakin titi. Da muka isa, ya kama hannun baron ya ce in koma haka nan.

Ya ce, "Na san aikinka ne. Shi ko za a yanka shi ba zai bari a sa wa mashin nan wuta ba." Na buɗe baki, ya girgiza kai. "Kai ba ka yi mini komai ba. Ka ga ubanka yana wahala, ka yi abin da ka iya. Amma mutumin nan tun ba a haife ka ba muke tare. Ya zage ni, na zage shi, ya ce mini bawa a gaban jama'a, duk ban taɓa jin komai ba. Ƙarya ce dai bai taɓa yi mini ba sai yau."

Ya tura baronsa ya tsallaka titi.

Ban gaya wa Baffa abin da Baba ya ce ba, kuma bai tambaye ni ba. Daga baya ya fara hawa mashin ɗin, don gona ba ta jira. Injin lafiya lau yake, ko tari bai taɓa yi ba, saboda haka babu abin da zai kai shi rumfar. In ya biyo ta hanyar kasuwa yakan rage gudu ya ɗaga hannu, Baba ma ya ɗaga nasa, kamar yadda ake yi wa kowa.