Baba Sai-Na-Ji Bai Kashe Motata Ba

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Sai-Na-Ji ya riga ya share gaban garejinsa. Garejin ma rumfar kwano ce a ƙarshen layinmu, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da wani benci da ya rasa ƙafa aka tokare shi da mataccen batir. In ya gama shara sai ya shimfiɗa buhu ya jera sifanoninsa daga babba zuwa ƙarami, ya ɗauko wani dogon sukudireba da mariƙinsa ya sha hannu har ya yi santsi, ya soke a aljihun baya. Sannan ya karɓi shayinsa wajen mai shayin da ke tsallaken titi, ya zauna jiran mota. Haka na san shi tun ina goyon 'yata ta fari, wadda yau take rubuta wannan, don ni ban yi makaranta ba. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta sassauta min ko kalma ɗaya.

Ƙarshen watan nan zai rufe garejin, gwiwa ta hana shi shiga rami. Ba zan yarda ya tafi da ƙaryar da aka liƙa masa a kan motata ba. Abin da ya sa nake magana ke nan.

Wanda bai san shi ba ya ji inda sunan ya fito. Duk bayanin da za ka yi masa a kan motarka, amsarsa ɗaya ce: sai na ji. Zai sa ka tayar da ita, ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Yana da ƙa'idoji biyu da ba ya karyawa ko ga uban wa. Ba ya kwance inji sai mai motar na tsaye a kansa. Kuma duk ƙarfen da ya cire sai ya wanke shi tas, ya nuna maka inda ya lalace, ya danƙa maka ka tafi da abinka. Masu gaggawa suna jin haushin wannan. Shi kuwa cewa yake ba ya son a je gida ana tunanin me ya yi a bayan ido.

Mai shayi shaida ne ranar da wani direban bas ya zo kamar zai yi kuka, an ce masa injinsa ya buga, sai sabo. Baba ya saurara, ya bi tiyon mai da yatsa, ya tarar matatar mai ce ta toshe. Kafin shayin direban ya huce bas ta tashi. Mai shayi ɗin dai ya ga ranar da ya ce wa wani mai shago kada ya gyara motarsa, inji ya ci kansa har ƙasa, ƙarƙashin motar kuma tsatsa ta gama da shi. Aiki ne babba ya kora da bakinsa. Mutumin ya ce ai shi ya ji ya gani, a gyara. Baba ya ce to a kai wa wani, shi ba zai ɗora iyalin mutum a kan wannan ba.

To ga tawa. Tsohuwar mota ce marigayi mijina ya bari, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ta take rufuwa. Da ita 'yata ke kai ni asibiti, da ita muke ɗauko robobin da nake sayarwa a ƙofar gida. Mun kai ta canjin baƙin mai, Baba ya matsa tiyon lagireto da hannu ya ce ya gaji, kada motar nan ta yi doguwar tafiya sai ya samo wani. Ana haka ƙanin mijina ya zo aro, wai tasa motar na wajen mai fenti, zai je duba wani fili nan kusa. Na faɗa masa abin da Baba ya ce, da bakin nan nawa. Ya ce haba Yaya, tun kafin a auro ki nake tuƙi.

Da igiya aka jawo min ita.

Kafin in gama salati ya riga ya tsallaka teburin mai shayi yana ba da labari. Wai tsohon nan ya kurmance, hannunsa rawa yake, ya taɓa mota lafiyayya ya kashe ta. Ya faɗa a can, ya faɗa a tasha, ya faɗa a gidan suna da gidan makoki. Ya kuma kawo min 'yan gwangwan har ƙofa su auna motar yayansa kamar tsohuwar tukunya. Na kore su da tsintsiya. Amma magana ta riga ta zaga. Motocin da ke layi a gaban rumfar Baba suka yi ta raguwa, har ya kai yana jera sifanoni da safe ya kwashe su da yamma ba wanda ya yi baƙi.

Na sa aka tura motar zuwa wajensa. Ya san abin da ake faɗa sarai. Ya ce in zauna a benci, 'yata ta tsaya kusa. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya nuna mana, man ya koma kamar shayi da madara, ya ce ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ya ciro fulogogi ya jera su a buhu, biyu a jiƙe. Ya nuna tiyon nan da ya yi gargaɗi a kai, ya fashe kamar an tsaga shi da wuƙa. Sannan ya kwance kan injin, ya wanke shi, ya juya shi ga hasken rana, ya kama yatsana ya bi da shi kan wata tsaga siririya kamar gashi. Ya ce irin wannan tana zuwa ne in inji ya ƙone ba ruwa, aka ci gaba da tafiya, sannan aka kwara masa ruwan sanyi yana tsakiyar zafi.

Na ce, "Wane ne ya yi haka? Faɗi sunansa."

Ya ce, "Hajiya, ni inji nake dubawa. Ba na cikin motar."

Na ji haushinsa ranar, wallahi. Amma kafin mu tafi 'yata ta leƙa ƙarƙashin kujerar motar ta kwaso ledojin ruwan sanyi fanko, cike da hannu biyu. Na kira ƙanin mijina ɗakina na zube masa su a gaba. Ya sosa ƙeya ya ce shi ai taimako ya yi, ya ga tana hayaƙi. Ashe ma filin ba kusa yake ba. A cikin ɗaki ya amsa. Da na ce ya je teburin mai shayi ya janye maganarsa, sai ya ce in bar tone-tone, abin ya wuce. Ya wuce a wajen wa?

Saura shawara, a gyara ko a sayar. Baba bai yanke min ba. Ya tambaye ni me nake yi da motar, na faɗa masa. Ya sa 'yata ta sauka rami da tocila ta ƙwanƙwasa ƙarƙashi da kanta, ƙarfe na nan da ƙarfinsa. Ya juya injin da hannu yana saurare, ya ce ƙasan bai taɓu ba, sama ne kawai ya tafi.

"Da ƙasan ya taɓu, da ni zan kira miki 'yan gwangwan ɗin," in ji shi. "Kada ki gyara ta don marigayi, shi ba ya bukatar mota. In don asibiti ne da robobi, za ta kai ki. Doguwar hanya kuwa ta gama."

Na ce a gyara. Ya yi ta yawo wajen masu tsofaffin kaya da gwiwar nan tasa, ya ƙi wannan ya ƙi wancan, har ya samo kan inji mai lafiya. Yau motar na tashi da murɗawa ɗaya. Fasasshen kuma yana nan a zaurena, a wanke, duk mai so ya zo ya sa yatsa.

Baba, kai ne ka ji ana cin mutuncinka a tsallaken titi, ka ci gaba da shan shayi a teburin. Kai ne da na tambaye ka zancen kurumta ka yi dariya ka ce na hagu ya yi ritaya, na dama bai ba da sanarwa ba tukuna. Kunne ɗaya gare ka, amma ban ga mai biyu da ya kai ka sauraro ba. Na gode. Allah Ya saka maka, Ya sassauta maka gwiwa, Ya sa ka huta cikin mutunci. Ku kuma masu riƙe da sifana, ku kwance a gaban mai abu, ku faɗi gaskiya ko da za ta kori aiki. Ku da kuka janye motocinku don jin magana, kun san inda rumfar take, ku je ku gaishe shi kafin ya rufe.

Saura ƙanin mijina. Makon nan tasa motar ta fara ƙara, ya zaga duk inda zai zaga, a ƙarshe ya turo abokinsa da ita wajen wannan kurman dai, wai a ce ta abokin ce. Baba ya ɗora sukudireba ya saurara, ya ce ya ji ciwon, kuma ya san motar, amma ba zai kwance ba sai mai ita ya zo ya tsaya, kamar kowa. Tana can a gaban rumfa, ƙura na hawa.

Ka zo ka tsaya, ƙanin miji. Ni ma ina bencin kullum yanzu, na kai matashina. Abin da ka faɗa min a ɗaki za ka maimaita masa, ta kunnen dama, kuma ka ɗaga murya yadda mai shayi zai ji daga tsallake.