Tatsuniyar da Goggo Dije Ta Yi da Rana

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Goggo Dije, ƙanwar mahaifinmu. Ta cika ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta na Madarunfa, ni da wana Sani da matarsa muna zaune. Abin da ya sa na kawo ta wannan shafi wani labari ne da ya zo hannuna a gidan rediyon da nake aiki.

Labarin ya ce a wasu manyan asibitoci na ƙasashen waje, idan za a wanke wa mai ƙuna ciwonsa, sai a sa masa wani tabarau mai rufe ido ruf. Ba ya ganin ɗakin, ba ya ganin almakashi da auduga. Wata duniya yake gani wadda na'ura ta ƙirƙira, mai ruwa da ƙanƙara, yana yawo a cikinta. Ana ba shi maganin kashe zafi kamar kullum, tabarau ƙari ne kawai. Masu aikin sun ce da yawa suna samun sauƙin raɗaɗi, domin hankali ba ya tsayawa wuri biyu a lokaci guda. Na daɗe ina neman kalmar da zan fassara abin da ita. Wadda ta fara zo mini ta Goggo ce: ɓatarwa.

A farkon shekarun alif ɗari tara da casa'in Sani direba ne, yana ɗauko esansi, wato fetur, cikin bido, manyan jarkoki, daga Ɗan Issa. Wata rana da bazara yana juye man, wuta ta kama. Ta ci hannunsa na dama tun daga kafaɗa har yatsu, ta taɓa fuska. Aka kwantar da shi gidan likita, majo, wato babban mai jinya, ya ce kullum sai an kware ciwon an wanke. Maganin kashe zafi kaɗan ne, kuma ba ya kai ƙarshen wankin. Ni ke danne masa ƙafafu, don haka na san abin da nake faɗa.

Bayan 'yan kwanaki Sani ya ce ya gama, a mai da shi gida. Majo bai ɓoye masa komai ba: in aka daina wanki ciwon zai ruɓe, a kai shi Maradi a yanke hannun. Sani ya ce a yanke, ai yanka sau ɗaya ne.

Washegari Goggo ta zo da kwanon kunu. Ta zauna ta gefen hagunsa, ta juyo da fuskarsa wajenta, ta yi wa majo alama da ido ya matso. Sai ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Wata dattijuwa mai jinyar jikanta ta ce, "Haba Dije! Tatsuniya da rana tsaka? So kike ya ɓata?" Haka aka tashe mu a kai: tatsuniya ta dare ce, wanda ya yi ta da rana zai ɓata hanya.

Goggo ta ce, "Ɓatan nake so ya yi. In ya zauna nan, hannunsa za a yanke."

Sani ya ce, "Goggo, da gemuna za ki yi mini tatsuniya?"

"Wane gemu? Wanda wuta ta cinye? Amsa mini, ɗan nema."

Ya ce, "Ta zo mu ji ta."

Tatsuniyar ba ta da dabba ko aljani. Sani ne da kansa a ciki. Ta sa shi a jirgin masunta a tsakiyar tafkin Madarunfa, da sassafe, lokacin sanyi, hannunsa na dama cikin ruwa har ya fara sanƙarewa. Daga nan ta ce ya tuƙa, ya tuƙa, sai ga shi a bakin kasuwar Ɗan Issa.

"Goggo, ina aka taɓa zuwa Ɗan Issa a jirgi?"

"To ta ina ka bi, sarkin sani?"

Ya shiga lissafa mata hanya, inda ake hawa kwalta, inda 'yan duwan, wato kwastan, suke tsayawa, ramin da ke karya ƙafar mota. Da ya ɗan lafa sai ta sake kuskure, ta ɗauko garin Gabi ta ajiye kusa da Katsina, ya sake hasala ya gyara mata. Ta san ɗan wanta: zai jure yunwa, ba zai jure a yi kuskuren hanya a gabansa ba. Duk wannan gardama majo yana kware bandeji.

Ba zan ce zafin ya tafi ba. Ya yi ihu a ranar, ya yi a kwanakin da suka biyo. Akwai ranakun da tatsuniyar ba ta ci ba sam, Goggo ta riƙe masa kai kurum. Amma tsakanin ihu da ihu yana musu, kuma bai sake cewa a mai da shi gida ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da wannan tabarau. Ba mai ƙin sabon abu ba ce, ita ta fara sayen rediyo a gidanmu. Ina jin za ta sa shi a idonta ta duba, ta yi dariyar ƙanƙarar da ba ta taɓa gani ba, sannan ta tambaya ko na'urar ta san abin da ke ba mai ciwon haushi. Za kuma ta tambaya yaushe tabarau ɗin zai iso Madarunfa. Ba ni da amsar ko ɗaya. Har yanzu ana juye mai kusa da murhu a garuruwanmu na bakin iyaka, har yanzu ana danne ƙafafu.

A shekararta ta ƙarshe hankalinta ya fara gushewa. Takan fita gidan maƙwabta ta kasa gane hanyar dawowa. Wasu mata suka ce tatsuniyar nan ce ta kama ta. Likita ya ce tsufa ne, kuma na yarda da likita. Sani bai taɓa shiga wannan musu ba. Duk inda aka ce an gan ta, shi ke zuwa ya kamo hannunta, yana faɗa mata hanya kwana bayan kwana har ƙofar ɗakinta.

Allah Ya jiƙanta. Ba a yanke hannun ba. Yatsu biyu ne ba sa lanƙwasuwa. Sani ya bar esansi ya koma ɗaukar fasinja tsakanin Maradi da Katsina, ya yi shekara ashirin a kan hanyar kafin ya ajiye tuƙi, kuma bai taɓa ɓata ba.