Baba Ƙusa, Kafintan da Aka Aika Yin Benci

Kafin masu shagunan layin su buɗe ƙofofinsu, Baba Ƙusa ya riga ya buɗe tasa. Shagon nasa ɗan ɗaki ne a bayan majami'a, ƙofarsa na kallon wurin ajiye motoci. Da ya shiga zai rataye rigar sanyinsa, ya ɗora ruwan shayi, ya soke fensir a bayan kunne, sa'an nan ya zaga cikin majami'a yana bin benci ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Wanda ya yi ƙara sai ya tsaya ya harare shi, ya ce, "Kai kuma me aka yi maka?" In ya gama zagayen, ya zauna a bencin ƙarshe ya yi addu'arsa. Ba ta da tsawo. Shi da bakinsa yakan ce Allah ya san shi ba mai dogon bayani ba ne.

Sunan ma daga aikin ya samo shi. In yana aiki, ƙusoshi ne jere a leɓensa, kuma hakan ba ya hana shi amsa gaisuwa. Yaran ikilisiya suka laƙaba masa Baba Ƙusa, manya suka ɗauka, yau har matarsa in ranta ya yi fari da shi take kiransa. A ƙarshen watan nan zai ajiye guduma, don ido ya fara gajiya, hannu kuma ya soma rawa. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu tun yana iya ji da kunnensa.

Ba wa'azi ya kawo shi ƙasar nan ba. Ikilisiyarsu ta gida ce ta ji labarin 'yan'uwa da ke aiki a wani gari na bakin teku a ƙetare, ba su da wurin sujada. Aka zaɓi wani matashin fasto a tura musu, aka kama hayar wani tsohon sito. Sito kuwa ba kujera ba taga, sai dattawa suka ce a haɗa faston da kafinta, ya yi benci ya dawo. Ranar tafiya ya dubi matarsa, da goyo a bayanta, ya ce, "Kwantar da hankalinki. Kafin damina ta wuce na dawo."

Ya iso ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen ƙasar. Ya sa kansa koyo a bakin masu sayar da katako, kuma ba ya jin kunyar kuskure. Ranar da aka buɗe majami'ar, ya tsaya a ƙofa cikin sabuwar riga yana yi wa baƙi maraba, yana nuna musu benci da alfahari. A nufinsa cewa yake yi, "Ku zauna." Ashe kalmar da ya ɗauko ta kaza ce in ta kwanta a kan ƙwai. Mutane suka yi ta danne dariya, har wata tsohuwa 'yar ƙasar, wadda waƙa ce ta jawo ta daga kan hanya, ta kasa daurewa. Ta zauna a benci, ta baza zanenta, ta yi kukan kaza. Majami'a ta kece da dariya. Da aka fassara masa, shi ya fi kowa dariya, har da hawaye. Tsohuwar nan ita ce aka riƙa kira Kaka, kuma daga ranar ba ta taɓa fashin sujada ba.

Benci ya ƙare, sai ga taga. Taga ta ƙare, sai ga ƙofa. Yana shirin haɗa kayansa sai sanyin ƙasar ya kama ƙirjin fasto. Aka yi magani, aka kwantar da shi asibiti, a ƙarshe likitoci suka ce in ana son ransa a mayar da shi gida. Bayan tafiyarsa da ɗan lokaci, dattawan gida suka bugo waya. Ba su da wani faston da za su turo, kuma ba su san ranar samu ba. Suka ce wa kafinta ya sayar da bencin, ya mayar wa mai sito makullinsa, ya komo ga iyalinsa.

Babu wanda zai ga laifinsa da ya tafi. Yana kewar matarsa, ɗiyar da ya bari a goye ta fara tafiya bai gani ba. Ran Lahadi bayan sujada ya tara 'yan mutanen da suka rage ya gaya musu. Akwai Mama Nas, wadda ke aiki a asibitin garin, da wani direban tasi ɗan wata ƙasa dabam, da ɗalibai kaɗan, da Kaka.

Mama Nas ce ta fara magana. "Baba, to kai ka riƙa yi mana wa'azin mana. Ai kai aka turo."

"Ni?" Ya dafe ƙirji. "'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah. Mutumin da ya ce wa jama'a su kwanta a kan ƙwai za ki ɗora a kan bagade?"

Aka ɗan yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Direban tasi ya sunkuyar da kai ya ce shi duk mako ba ya da inda wani ke kiran sunansa sai nan. Kaka kuwa ta buga sandarta a ƙasa ta ce ita dai Lahadi mai zuwa za ta zo, in ta tarar da ƙofa a kulle za ta zauna a bakinta.

Baba Ƙusa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Can ya nisa ya ce, "Wa'azi ban iya ba, kuma ba zan yi ƙarya a gaban Allah ba. Amma na san abu ɗaya: katako guda ba ya zama benci, sai an haɗa. Mama Nas, ke kin iya karatu da murya mai daɗi, ki riƙa karanta mana Maganar Allah. Direba, na sha jin addu'arka, ka riƙe wannan. Ɗalibai su fassara wa juna. Kaka ta koya mana waƙoƙin ƙasar nan. Ni zan buɗe ƙofa, in share, in kunna wuta. In mun yi haka muka ga ba albarka, sai mu rufe."

Da yamma ya buga wa matarsa waya. Ta saurare shi har ya gama. Sai ta ce, "Na ji. Ni dai ka gaya mini, daminar ƙasar nan taku shekara nawa take yi?" Ta yi dariya ta ce, "Zauna ka yi aikin Allah. Amma ka fara neman ɗaki, don ba zan bar ka ka tsufa a can kai kaɗai ba." Dattawan gida suka amince da kyar. Ya samu aiki a wani kamfanin kujeru don ya riƙe kansa, kuma bayan wahalar takardu matar ta iso da ɗiyarsu.

Baba, kai ne wanda aka miƙa wa bagade ka ce a ba ka tsintsiya. Kai ne ka ga baiwar kowa kafin mai ita ya gan ta. Shekaru ikilisiyar nan ta yi ba fasto, amma ba a taɓa rasa sujada ba, domin ka raba aikin yadda kowa ya san in bai zo ba akwai gurbin da zai zauna wayam.

Sai kuma labarin maƙwabci. Jikin majami'ar akwai gidan wani tsoho da ba ya ƙaunar hayaniya, har aka sa masa suna Mai Ƙorafi. In aka buga ganga ya kira hukuma. In aka ajiye mota kusa da shingensa ya fito da sanda. Wasu suka ce a rama, a ƙara wa lasifika murya. Baba Ƙusa ya hana. Shi abin da ya lura da shi dabam ne: matar tsohon a keken guragu take, kuma duk ranar zuwa asibiti sai tsohon ya sha fama kafin ya sauko da ita daga matakalar ƙofa, yana haki, ita tana riƙe da hannun keken cikin tsoro.

Wata Asabar Baba Ƙusa ya ɗauki katako da zarto ya ƙwanƙwasa ƙofar. Tsohon ya leƙo ya ce, "Ba na sayen komai, kuma ba na zuwa cocinku."

"Ranka ya daɗe, ban zo da ko ɗaya ba. Matakalar nan ce ta dame ni. In ka yarda in yi mata gangara, keken Mama ya riƙa sauka da kansa."

"Me za ka samu?"

"Barci mai daɗi. Kullum na gan ku sai bayana ya yi mini ciwo."

Tsohon ya tsaya a kansa har ya gama, yana gyara masa aiki, yana cewa nan ya karkace. Da aka gwada, matar ta sauko a hankali har bakin titi, ta ce a mayar da ita sama ta sake. Tsohon bai ce na gode ba. Lahadi ta zagayo, ya sake kiran hukuma saboda ganga.

Da sanyin shekarar ya yi tsanani, wata guguwa ta taso daga teku ta yaye rabin kwanon majami'ar. Da safe mutane suka tarar da ruwa kwance a ƙasa, littattafan waƙa sun jiƙe, mai sito kuma ya ce gyara sai an ga hali. Suna tsaye cirko-cirko cikin yayyafi, ba wanda ya san inda za a yi sujada, sai ga Mai Ƙorafi ya fito da makulli a hannu. Ya buɗe garejinsa, ya fitar da motarsa kan titi, ya ce da Baba Ƙusa, "Ku shigo da bencinku kafin ya ruɓe. Amma ban da ganga." A garejin nan aka yi ta sujada har aka gama rufin, matarsa na zaune a ƙofar kicin tana bin waƙa da kai. Shi bai taɓa shiga ba, har yau kuma bai shiga majami'a ba. Amma rufin nan da Baba ya hau shi da direba da ɗalibai, tsohon ne ya riƙe musu tsani, yana faɗa daga ƙasa.

Hidimar ba ta zo masa a banza ba. Yana nan mahaifiyarsa ta rasu a gida, aka binne ta bai samu zuwa ba. Ya shiga shago ya rufe ƙofa, ba a ji ƙarar guduma ba. 'Yan'uwa suka zo suka zazzauna a waje. Kaka ce ta tura ƙofar da sandarta, ta kama hannunsa ta ce, "Tashi, ɗana. Ba zan maye gurbinta ba, amma daga yau ni zan riƙa yi maka faɗa." Ta kuwa cika alkawari har ƙarshen ranta, kuma shi ya ƙera mata akwatinta da hannunsa.

Da Allah ya kawo sabon fasto, wasu suka zaci za a yi jan-in-ja, tunda kowa ya saba da jin ta bakin Baba. Ina! Tun a ranar farko ya miƙa masa makullai gaban jama'a, ya nuna masa inda ake kunna wuta, ya koma shagonsa. Aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, ya karɓa, amma ya ƙi kujerar gaba, wai daga baya ya fi ganin wanda ya shigo bai samu wurin zama ba.

Yau majami'ar cike take da mutanen ƙasashe dabam-dabam, ana waƙa da harsuna iri-iri. Ikilisiyar da aka ce a rufe, bara ita ma ta tura nata ma'aikata ƙetare: wata malamar makaranta da mijinta. Ranar sallama suka zo shago neman shawara. Ya cire ƙusoshin bakinsa ya ce, "In kun isa, kada ku yi gaggawar magana. Ku fara duba abin da ya karye a gidan maƙwabta. Kuma in kun yi kuskuren yare, ku riga su dariya."

Mun gode, Baba Ƙusa. Mun gode da ƙuruciyar da ka zubar a ƙasar da ba taka ba. Mun gode wa Mama, matarka, wadda ta bar danginta ta biyo ka, ta ciyar da baƙin da ba ta san adadinsu ba. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya ba ku hutu mai daɗi tare da jikoki.

Da fasto ya gaya masa za a rubuta wani abu a kansa, ya ɓata fuska ya ce, "A kaina? Mutane ba su da aiki ne?" Da ya ga ba za a fasa ba, ya ce, "To, in dole ne, a rubuta cewa tagar ɗakin yara tana yoyo, ni kuma an hana ni hawa tsani. A samu wanda zai duba."

Ga shi an rubuta, Baba. Kai kuma mai karatu, ko a wace ikilisiya kake, kada ka jira sai an kira ka gaba an ba ka muƙami. Dubi gefenka, akwai aikin da ba wanda ya ɗauka. In kuwa a nan kusa kake, tsani yana bayan shago, kuma ana sa ran ruwa a makon nan.